In Ka Haɗu Da Zakin Dutse A Dajin Amurka, Kada Ka Ce Ƙafa Me Na Ci Ban Ba Ki Ba

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san maganin naman dawa: da ka hango shi, sai ka ranta a na kare. Har karin magana gare mu, wai in ka ga ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. To akwai dajin da wannan dabara take kashe mai ita. A tsaunukan yammacin Amurka da Kanada, inda mutane ke saɓa jaka su shiga daji su yi yini ko kwanaki suna tafiya a ƙasa, akwai dabbar da ake kira zakin dutse, wasu su ce kuga, wasu su ce fuma. Shi gudun mutum ne yake kiransa. Duk abin da jikinka zai so ya yi a lokacin tsoro, gudu, tsugunawa, juya baya, yin tsit, shi ne abin da barewa take yi, kuma barewa ce abincinsa. Na rubuta wannan jagora domin wanda karatu ko aiki ko ziyara ta kai shi Kolorado, Kalifoniya, Yuta, Oregon, Washinton ko yammacin Kanada, abokai suka ce masa ranar Asabar za a hau dutse.

Mataki na farko: san wanda za ka shiga gidansa

Sunan zaki kawai ya ara. Ba shi da geza, ba ya ruri, ba ya yawo a garke. Halinsa na damisa ne: shi kaɗai yake yawo, ya yi sanɗa, ya yi kwanton ɓauna, ya dira wa abin farauta ta baya ya kama ƙeya. Launinsa kamar na busasshiyar ciyawa, ciki fari-fari, babu roɗi-roɗi sai a jikin 'ya'ya. Namiji yakan kai kilo 50 zuwa 80, wani ya haura, mace kuma 30 zuwa 60. Babbar alamarsa wutsiya ce: doguwa, mai kauri, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikinsa, da baƙi a ƙarshenta. In ka ga kyanwar daji mai guntun bindi, mai yiwuwa bobkat ce, ita wannan da wuya ta zama barazana ga babban mutum.

Mazauninsa ya taso tun daga Yukon a arewacin Kanada har zuwa Patagoniya a ƙarshen kudancin Chile da Ajantina. Hukumar namun daji ta jihar Kolorado tana ƙiyasta tana da tsakanin 3,800 da 4,400. Babban zakin dutse yakan kashe barewa kamar guda a mako, saboda haka duk inda ka ga barewa ta yawaita, ka ɗauka yana nan kusa ko ba ka gan shi ba. Ya fi fita da almuru, da dare, da ketowar alfijir. A gajeren zango yana gudun sama da kilomita 60 a awa, yana kuma tsallen da zai kai shi reshen bishiya mai tsayin mita huɗu ko biyar daga ƙasa. Wannan ya isa ya nuna maka gudu da hawan bishiya duk ɓata lokaci ne.

Kafin tsoro ya hana ka fita, ga ɗaya gefen. A cikin shekara sama da ɗari, mutanen da ya kashe a duk Amurka da Kanada kusan talatin ne, alhali miliyoyi ke shiga dazuzzukan nan kowace shekara. Wani zakin dutse da masu bincike suka laƙaba wa P-22 ya zauna a gandun Griffith, a tsakiyar birnin Los Anjalas, daga 2012 har zuwa Disamban 2022, mutane na kai-komo a wurin kullum, mafi yawansu ba su taɓa sa shi a ido ba. A 2017 kuma masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz sun saka lasifika kusa da naman da zakunan suka kashe. Da suka kunna muryar mutane suna surutu a rediyo, a kashi 83 cikin ɗari na gwajin dabbar ta bar namanta ta tsere. Da suka kunna kukan kwaɗi, kusan ko a jikinta. Riƙe wannan da kyau, domin a kansa aka gina sauran matakan: yana tsoron ɗan'adam, muddin ya gane ɗan'adam ne a gabansa.

Mataki na biyu: shirin gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka fita, buɗe shafin gandun dajin da za ka shiga, ko ka tsaya ofishin ma'aikatan gandun da ke bakin hanya ka tambaya ko an ga zakin dutse kwanan nan. Sukan lika sanarwa a allon da ke farkon turba, ka tsaya ka karanta. Faɗa wa wani a gida turbar da za ka bi da lokacin da za ka dawo.

Kada ka tafi kai kaɗai. In akwai shawara guda da ta fi sauran nauyi, ita ce wannan. Mutum uku ko huɗu da ke tafiya a haɗe suna hira da wuya dabbar ta tunkare su.

Abin da za ka riƙa ba shi da yawa: sanda mai ƙwari ko sandunan hawan dutse guda biyu, usur, tocilar goshi mai haske sosai, kayan ɗaure rauni, da feshin barkono irin wanda ake sayarwa domin korar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi da ke dazuzzukan can. Feshin nan yana kai mita takwas zuwa goma, kuma gwangwanin kan ƙare cikin daƙiƙun da ba su kai goma ba. Ka rataye shi a ƙugu ko a ƙirji inda hannu zai kai nan take; wanda ke ƙasan jaka daidai yake da wanda aka bari a shago. Ka gwada zare makarinsa sau da yawa a gida har hannunka ya saba. Ba a shiga jirgin sama da shi, ko a jakar hannu ko a babbar jaka, sai ka saya a can. Wasu gandayen kuma, irin su Yosemite, sun haramta shi gaba ɗaya, saboda haka ka duba dokar wurin. Batun bindiga kuwa, mai bizar karatu ko ta ziyara ya cire shi daga ransa, dokar tarayyar Amurka ta hana shi riƙe ta sai bisa wasu 'yan sharuɗɗa.

A cikin dajin sosai sau da yawa babu sabis. Akwai na'urori irin Garmin inReach da ke aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam, wayoyin iPhone daga 14 zuwa sama ma suna da wannan tsari. In za ku kwana a daji, ko aro ne ku nemi ɗaya.

Mataki na uku: yadda ake tafiya

Cire iyafis daga kunne. A Fabrairun 2019 wani mai gudun motsa jiki a dutsen Horsetooth, kusa da Fort Collins a Kolorado, ya ji motsin ganye a bayansa ya waiga, ya ga zakin dutse na biye da shi. Ranar bai saka komai a kunne ba, shi ya sa ya fuskanci dabbar kafin ta dira masa. Ku riƙa hira, a lanƙwasar hanya da wurin duhuwa ku ɗaga murya. Lokaci-lokaci ka waiga, ka kuma ɗaga kai ka dubi duwatsun da suka yi rumfa a kan turba. Ku tsara tafiyar yadda za ku fita bayan rana ta ɗaga, ku koma mota ko ku kafa tanti kafin ta faɗi.

Yara ne abin damuwa na gaske. Masanin namun daji Paul Beier ya bi diddigin hare-haren da aka yi a Amurka da Kanada daga 1890 zuwa 1990, ya samu guda 53, mutum 10 suka mutu, kuma kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda abin ya shafa yara ne. Yaro ƙarami ne, muryarsa siririya, ga guje-guje. A Yulin 1997, a gandun Rocky Mountain, wani yaro ɗan shekara 10 ya ruga ya yi gaba ya bar iyayensa a baya na ɗan lokaci kaɗan, zakin dutse ya kashe shi. Saboda haka ƙa'idar ba ta da sassauci: babba a gaba, babba a baya, yara a tsakiya, inda hannu zai iya kai musu. Tun a mota ka gaya musu cewa in an ga dabba ba a gudu, ba a tsala ihu, wurin Baba ko Mama ake matsowa. Mai kare ya riƙe shi da igiya gajera. P-22 ɗin nan da ya shekara goma bai taɓa mutum ba, a Nuwamban 2022 ya kashe wani ɗan ƙaramin kare yana hannun mai yawo da shi.

Akwai abin da takardun gandun daji ba za su gaya maka ba, domin ba da mu aka rubuta su a rai ba. Sukan ce kada a tsuguna, kada a sunkuya, saboda mutum a tsugune yana kama da dabba mai ƙafa huɗu, ƙeyarsa kuma a buɗe. To mu a tsugune muke kama ruwa, a tsugune muke alwala, sallarmu da ruku'u da sujada, kuma asuba da magariba sun faɗo daidai lokacin da dabbar ke fita farauta. Wannan ba dalilin barin salla ba ne, dalilin yin tsari ne. Kada ka yi alwala a bakin rafi cikin duhuwa da almuru. Ɗebo ruwan a gora ka koma fili. Ku zaɓi wuri buɗaɗɗe, nesa da sarƙaƙiya da manyan duwatsu, inda za a hangi abu tun daga nesa. In kun kai ku biyu ko uku, ɗaya ya tsaya a tsaye da sanda yana duba baya, in an idar shi ma a tsare masa. Haka in buƙata ta kama mutum: kada ya lula cikin kurmi shi kaɗai don kunya, wani ya raka shi ya tsaya daga gefe.

Koyi karanta ƙasa. Sawun zakin dutse faɗinsa kamar santimita 8 zuwa 9, yatsu huɗu, babu alamar farce, domin kamar kyanwa yake janye faratansa in yana tafiya. Sawun kare ko kyarkeci yana nuna farce. Tafin tsakiya a sawun zakin dutse babba ne, ƙasansa ya rabu gida uku. Namiji yakan tara ganye da ƙasa da ƙafafun baya ya yi ɗan tsibi ya yi fitsari a kai don shata iyaka. Ganin waɗannan ba ya nufin a fasa tafiya, sai dai a haɗe wuri ɗaya a ƙara lura. Amma in ka ci karo da mushen barewa an ci wani ɓangare an lulluɓe sauran da ganye da ƙasa da ƙirare, wannan ajiyarsa ce. Yakan yi kwanaki yana dawowa kanta, kuma sau da yawa yana kwance kusa yana kallonka. Kada ka matsa don ɗaukar hoto. Ku juya ta inda kuka fito, a hankali, kuna magana. Warin mushe ko taron hankaki da ungulu a gefen turba ma ishara ce.

In kuwa 'ya'ya ka gani, ƙanana masu ɗigo-ɗigo, uwar ba ta yi nisa ba. Bar wurin.

Mataki na huɗu: ga shi a gabanka

Nan ne gundarin maganar. Tsaya cak. Fuskance shi, ka zuba masa ido, kada ka ɗauke kai. Mai kwanton ɓauna ƙarfinsa a shammata yake, in ya san an gan shi rabin dabararsa ta rushe. In da yara, ɗauke su nan take, ka yi ƙoƙarin kada ka sunkuya sosai kuma kada ka juya baya. Janyo yaron da hannu ka ɗora shi a kafaɗa ko a kwiɓi. Manya su matso kafaɗa da kafaɗa su zama abu guda mai girma. Kada ka sauke jakar goyonka, tana kare maka baya da wuya.

Daga nan sai ka dubi abin da dabbar take yi, domin ba kowace haɗuwa ce iri ɗaya ba.

In yana nesa, kamar tsawon filin ƙwallo ko fiye, yana wucewa abinsa ko ya kalle ka ya kau da kai, ba ruwansa da kai. Ba shi hanya, ka jira ya wuce, ka sauya hanya in ta kama. Mafi yawan haɗuwa a nan take ƙarewa cikin 'yan daƙiƙu.

In ya tsaya yana kallonka, kunnuwa a miƙe, ko yana binka daga nesa, yana auna ka ne. Sau da yawa matasa ne da ba su daɗe da rabuwa da uwa ba, ba su gama sanin abin da ake ci da wanda ba a ci ba. Yanzu ne za ka nuna masa kai mutum ne. Miƙe sosai, ɗaga hannuwa da sanda sama, buɗe rigar sanyinka ka baza ta. Mai keke ya ɗaga keken ko ya sa shi tsakaninsa da dabbar. Yi magana da murya mai kauri, da ƙarfi, a tsanake, da Hausa ma ya yi, ba kalmomin yake ji ba. Ka guji siririn ihu irin na firgita. Ka fara ja da baya sannu a hankali, fuskarka na gare shi, kana lalube da ƙafa don kada ka yi tuntuɓe, domin faɗuwa ta fi komai haɗari. In kuna da yawa, ɗaya ya riƙa duba hanya yana riƙe da jakar na gabansa yana jan sa. Ka tabbata ba ka tare masa mafita ba, dabbar da aka ƙure ba ta da zaɓi sai faɗa. Kuma kada ka sandare shiru kamar gunki kana fatan zai manta da kai.

In yana huci, yana gurnani, yana yaƙe haƙora, yana zaburowa ya doki ƙasa da ƙafafun gaba sannan ya tsaya, akasari uwa ce mai 'ya'ya ko mai tsaron nama, so take ka bar wurin. A Oktoban 2020, a kwazazzabon Slate kusa da Provo a jihar Yuta, wani matashi ya matsa kusa da wasu 'ya'ya yana zaton na bobkat ne, sai ga uwar. Minti shida tana biye da shi, yana tafiya da baya yana ɗaukar bidiyo yana daka mata tsawa. Duk sa'ad da ya yi yunƙurin sunkuyawa ya ɗauki dutse sai ta zaburo. Daga ƙarshe ya samu tazara ya ɗauka ya jefa, ta juya da gudu. Jami'an namun daji na jihar sun ce rakiya take yi masa don ya yi nesa da 'ya'yanta. Ya yi daidai da bai juya baya ba. Ni dai da zan ba shi shawara, da wayar ta koma aljihu, hannun ya riƙe sanda ko feshi.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne mai shiru. Ya kafe ka da ido, ya yi ƙasa da jiki, yana raɓewa bayan dutse yana sake fitowa kusa, ƙarshen wutsiya na kaɗawa. In kunnuwa suka kwanta, ƙafafun baya suka fara motsi kamar kyanwa za ta kama ɓera, dira ta kusa. A nan ladabi ya ƙare. Daka tsawa da iya ƙarfinka, busa usur, buga sanduna, jefe shi da duk abin da hannu zai kai ba tare da ka tsuguna ba: gorar ruwa, dutsen da ke kan gangare daidai ƙugunka, reshe. In dole sai an ɗauka daga ƙasa, ɗaya ya ɗauka sauran na tsaye a gabansa. Da farko jefa kusa da shi, in bai ja ba nufi jikinsa. Feshin barkono ya kasance a hannu, an zare makari. In ya shigo tazarar mita bakwai ko takwas, nufi fuskarsa, ka ɗan yi ƙasa da bakin gwangwanin, ka fesa na daƙiƙa ɗaya ko biyu, ka rage saura. Lura da iska, in tana busowa gare ka kai ma za ka sha, amma ko da haka ka fesa.

Ko ya gudu, kada ka saki jiki. A Mayun 2018, kusa da North Bend a jihar Washinton, wasu masu keke su biyu sun ga zakin dutse na bin su. Suka tsaya, suka yi masa ihu, suka kore shi, ya shige daji. Suna shirin tafiya ya dawo ya kama ɗaya a ka. Na biyun ya ruga da gudu, dabbar ta saki na farko ta bi mai gudun ta kashe shi. Wanda ya tsira ya tuƙa keke da raunukansa kimanin kilomita uku kafin ya samu sabis ya kira agaji. Ba na kawo wannan don a zargi mamacin, wa ya san abin da ƙafarsa za ta yi a wannan hali? Na kawo shi ne don ka ga yadda gudu ke juya hankalin dabbar, har ta bar naman da ke bakinta. Bayan ya ɓace, ku ci gaba da tafiya a haɗe, da hayaniya, ɗaya na duba baya, har ku isa mota. Tafiyar ranar ta ƙare.

Mataki na biyar: in ya dira maka

Yi faɗa. Wataƙila ka taɓa jin cewa in beyar ta kama mutum ya kwanta kamar matacce. Wannan shawara ta babbar beyar ce mai launin ƙasa, wadda ke kai hari don kare kanta. Zakin dutsen da ya kama mutum ci yake nufi, wanda ya kwanta ya sauƙaƙa masa aiki.

Yi iya ƙoƙarinka ka tsaya da ƙafafunka kana fuskantarsa. Wuya da kai yake nema, saboda haka dunƙule haɓa a ƙirji, ɗaga kafaɗu, sa hannu ɗaya ko jaka ko sanda a tsakanin bakinsa da maƙogwaronka. Gara ya ciji damtse da ya ciji wuya. Da ɗaya hannun ka nufi ido, hanci da maƙogwaro, da dutse, da wuƙa, da makulli, da yatsa. In ya kayar da kai, juyo ka fuskance shi, ka sa gwiwa da ƙafa kana tokare shi. Dabba ce da rayuwarta ta dogara da lafiyar jikinta, rauni kaɗan zai hana ta farauta, don haka sau da yawa in ta ga abin zai yi mata tsada sai ta saki.

Mutane da yawa sun tsira ta haka. Mai gudun nan na Horsetooth ya yi kokawa da nasa har ya samu ya taka masa wuya ya shaƙe shi, ya fita da ɗinki sama da ashirin. Gaskiya nasa ƙarami ne ɗan watanni, amma ka ga ko ƙaramin abin da ya yi. A Janairun 2007, a gandun Prairie Creek Redwoods na Kalifoniya, zakin dutse ya kama kan wani dattijo ɗan shekara 70. Matarsa mai shekara 65 ta ɗauki guntun icce ta dinga jibgar dabbar, ta zaro biro daga aljihun mijin ta nemi tsokane mata ido har biron ya lanƙwashe, ta koma kan iccen har dabbar ta saki. A Fabrairun 2024 kuma, a jihar Washinton, wasu mata biyar 'yan shekara hamsin da sittin suna tuƙa keke sai wani matashin zakin dutse ya kama ɗayarsu a fuska. Kimanin minti goma sha biyar yana riƙe da ita, sauran huɗun na dukansa da duwatsu da itace da wata 'yar wuƙa. Da ya saki, suka danne shi da keke suka hau kai har jami'in namun daji ya iso ya harbe shi. Matar ta rayu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Saboda haka in abokin tafiyarka aka kama, kada ka tafi neman taimako ka bar shi. Taimakon da zai zo bayan awa guda ba zai same shi ba. Kai ne taimakon. In dabbar na jan sa cikin daji, ɗaya ya riƙe ƙafafunsa, sauran su yi ta duka a kai da fuska. In da feshi, a fesa ko da zai taɓa wanda aka kama, zafin barkono yana wucewa.

Mataki na shida: bayan an rabu

Fara da jini. Danna raunin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada ka riƙa ɗagawa kana leƙawa. In jini na tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma dannawa ta kasa, ɗaure saman raunin tamau ka riƙe lokacin da ka ɗaure. Kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka da Kanada, ko danna maɓallin agaji na na'urar tauraron ɗan'adam. Ku bar wurin in mai raunin na iya tafiya, in ba ya iyawa ku zauna tare da shi, ɗaya a tsaye yana gadi, domin dabbar na iya dawowa. A lulluɓe shi, sanyin tsaunuka na saurin kama wanda ya zubar da jini.

Ko raunin ya yi kama da ƙarami, a je asibiti a ranar. Haƙorin dangin kyanwa yana huda ciki sosai ya bar ƙaramin baki, ƙwayoyin cuta su ruɓa daga ciki. Likita zai wanke, ya duba batun allurar tetanos da ta ciwon haukan kare. A 1909, a Morgan Hill ta Kalifoniya, wata mata da wani yaro sun tsira daga harin kansa, amma ciwon haukan kare da dabbar ke ɗauke da shi ya kashe su daga baya. Kada a wanke tufafin da aka yi faɗan da su, kada a jefar. Jami'ai na ɗaukar yawun dabbar daga jikinsu don su tabbatar wadda suka kama ita ce ta yi ɓarnar.

In ma ba a taɓa kowa ba, amma dabbar ta bi ku, ko ta ƙi ja da baya, ko kun ga ajiyar nama a gefen turba, ku sanar da ma'aikatan gandun ko hukumar namun daji ta jihar. Ku faɗi wurin daidai, in da hali da alamar taswirar waya, da lokaci, da tazarar da ke tsakaninku, da girmanta, da ko akwai 'ya'ya, da abin da ta yi sa'ad da kuka yi mata tsawa. Da irin wannan bayani suke yanke shawarar lika gargaɗi ko rufe turbar na 'yan kwanaki.

Masu kwana a daji kuma, ku kafa tanti a fili, nesa da duhuwa da hanyar da barewa ke bi zuwa ruwa. Ku adana abinci a rufe nesa da wurin barci, don kada ya jawo ƙananan dabbobin da shi kuma yake bi. Yara su shiga tanti da faɗuwar rana. Wanda zai fita da dare ya tashi wani, ya haska kewaye da tocila kafin ya taka waje, in ya ga idanu biyu na ƙyalli a ƙasa-ƙasa ya tsaya a tsaye, ya bar hasken a kansu, ya ɗaga murya ya tashi sauran.